Rigar da Aka Rufe wa Baki

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Yaya Jannatu a nan Matameye, katangar ma gajera ce, in na taka turmi ina hango har ƙofar ɗakinta. Shekara goma sha tara muna haka. Saboda haka abin da zan faɗa a kanta ba tsintarsa na yi a bakin famfo ba, da idona na gani, wani lokaci ma da hancina, ba don ina so ba.

Ƴar garin Ɗan Barto ce. Uwarta mai daddawa ce, kuma abin da Jannatu ta gada a wurinta ba tukunya ba ce, hanci ne. Tun tana ƙarama ita ake kira ta shinshina kalwa ta faɗa ko ta yi ko da saura. Da abinta ta girma. Tana zaune a tsakar gidanta za ta ɗaga murya ta ce, "A'i, miyarki ta kama," ni kuwa ga ni tsaye a kan tukunyar ban ji komai ba. Ta taɓa mayar wa mahauci nama tun bai gama ƙunshe shi ba. Ban da wannan, mace ce kamar kowa. Tana da tumaki uku, tana haɗa turaren wuta tana sayar wa amare, tana da faɗa in an taɓo ta, in kuma ta fara dariya sai ta zauna a ƙasa.

Mijinta Manu ɗan ci-rani ne. In an gama girbi an zuba gero a rumbu, sai ya rataya jakarsa ya nufi Kano, ba a sake ganinsa sai hadarin farko ya taso. Shekara ashirin da shida yana ɗaukar dila a wani kamfanin saƙa da ke yin safa da rigunan tiriko na zaren roba. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, amma duk maganar da Allah Ya zuba a bakin Bahaushe, kalma biyu kawai Manu ya zaɓa: lafiya lau. In rumbunsa ya kama da wuta ka tambaye shi yaya gida, zai ce maka lafiya lau, yana gudu da bokiti. Da talho, wato wayar hannu, ya shigo gari muka ce to, yanzu Jannatu za ta riƙa jin labarin mijinta. Ina! Talhon ma kalma biyun nan ya koya.

To ga abin da garin nan ya daɗe yana yi musu dariya a kai. Manu ba ya wanki a Kano. Duk sati biyu yana cusa ƙazantattun tufafinsa a jaka ya kai tasha ya ba Rabi'u, direban da ke ɗaukar rake daga Dungu zuwa Kano ya dawo da fasinja. Rabi'u ya kawo jakar har ƙofar gida, Jannatu ta wanke, ta goge, ta turara, ta mayar. Ko lokacin da aka rufe iyaka jakar nan ba ta fasa zuwa ba, a bayan babur take ratso gonaki. Matan unguwa suna cewa, wai ruwa ne ya ƙare a Kano? Ita kuwa ta ce masu wankin birni ba su san wuyan riga ba. Ni ma na yarda da haka shekara da shekaru, har ranar da na taka turmi na ga abin da take yi.

Ba ta juye jakar a baho. Kujera take jawowa gindin darbejiya ta zauna, ta zaro riga ɗaya, ta juya cikinta waje, ta kai hanci wuya, ta kai hammata, ta kai gadon baya, idonta a rufe. Sannan ta ajiye ta ɗauki ta biyu.

Na ce, "Yaya, lafiyarki kuwa? Wannan ai ko akuya ba za ta kusanta ba."

Ta ce, "Rufe mini baki, karatu nake yi."

Ranar ta faɗa mini. Ta ce gumin aiki daban, yana da tsami mai kauri. Gumin zazzaɓi yana da ɗaci-ɗaci. Na mutumin da ba ya ci ya ƙoshi ba shi da ƙarfi, salaf yake. Na damuwa kuma a hammata yake taruwa, ba ya sauka baya. Ni ban sani ba ko likitoci za su yarda da wannan, amma na san abin da na gani. In ta gama shinshinawa sai ta rubuta amsa da abin da take da shi: wani satin ƙuli-ƙuli da yaji, wani satin man shanu na shafa wa kafaɗa, wani satin jiƙo. Wata shekara ta ajiye riga ta zari mayafi ta tafi likita ta karɓo maganin zazzaɓi ta cusa a jakar. Da damina ta yi muka ji ashe kwana biyar ya yi a kwance, kuma a cikin kwana biyar ɗin nan sau biyu ya ce mata lafiya lau.

Shi Manu bai san da wannan karatu ba. A zatonsa Rabi'u ne ke kai rahotonsa gida. Shekara da shekaru yana gaisawa da bawan Allahn nan a daƙile, ko goro ba ya ɓara masa, shi kuwa Rabi'u yana ta tunanin laifin da ya yi.

Bara, ana tsakiyar rani, jakar ta zo da hantsi kamar kullum. Ina tankaɗe sai na ji shiru ya yi yawa a gidan, na leƙa. Ga Jannatu zaune, a cinyarta wasu tiriko uku masu ruwan toka, sababbin yayi, irin masu santsin nan na roba. Tana ta juya su, ta kai hanci, ta ɗago, ta sake kaiwa.

Ta ce, "A'i, zo ki ji."

Na ce Allah Ya kiyaye ni. Ta ce in zo. Na zagaya na je na shinshina a tsorace. Babu komai. Ɗan ƙanshin kwali ne kawai da na motar Rabi'u. An sa rigunan, ga datti a wuya, ga tabon man inji a gefe, amma wari ko na misali babu.

Na ce, "To ai sai godiya. Kin huta."

Ta dube ni kamar na zagi uwarta. Ta ce, "Mutumin da ke ɗaukar dila a zafin Kano, rigarsa ba wari? Ko dai an sallame shi yana zaune a inuwa yana jin kunyar faɗa, ko yana kwance."

Nan take ta kira shi. Ina jin muryarsa daga inda nake tsaye.

"Malam, kana lafiya?"

"Lafiya lau."

"Aiki fa?"

"Lafiya lau. Af, rigunan nan, a wanke su da ruwan sanyi."

Ta kashe talhon ta riƙe baki. Shekara ashirin da shida tana masa wanki, yau shi zai koya mata ruwan da za ta sa! Ta tare Rabi'u a tasha ta yi masa tambayoyi kamar jandarma. Ya rantse cewa Manu da ƙafarsa ya zo, ya miƙa jaka, ya juya. Ya rame? Bai lura ba. Yana ɗingishi? Bai duba ba. Ta ce da shi idonsa na banza ne, in ba kwalta ba ba ya ganin komai.

Sati biyu Jannatu ba ta yi dariya ba. Turaren da ta haɗa a kwanakin nan ma da kanta ta ce bai yi ba. Na tausaya mata ƙwarai, don na gane ba wasa ba ne. Mijinta yana can wata ƙasa, bakinsa ba ya faɗa, yanzu rigarsa ma ta yi shiru. Jaka ta biyu ta zo, ita ma haka.

Ƴarsu Najaha ce ta warware mana. Ita ce ta uku, ta yi lakkwal, wato boko, tana taimakon ungozoma a likitar garin Kurni, takan zo gida ran Lahadi. Ta tarar da uwarta ta tasa riguna a gaba, ta ɗauki ɗaya ta duba wata ƴar takarda da aka ɗinke a gefen ciki. Da Turancin Najeriya aka rubuta, amma ta ce kalmomin likita kusan ɗaya suke da na Faransanci. Ta karanta, sai ta fashe da dariya.

"Inna, Baba lafiyarsa ƙalau. Rigar ce ke da magani."

Ta zauna ta yi mana bayani yadda za mu gane. Ta ce gumi shi kansa ba ya wari sosai. Wasu ƙananan ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suke zama a cikin zare suna cin gumin, warin nasu ne. Yadin roba kuwa ya fi kowane yadi tara su, shi ya sa hijabin roba ke addabar mutane a sahun salla lokacin bazara. To shi wannan zare, tun kafin a saƙa shi ake tsoma shi a wani ruwa mai danƙo-danƙo, ya bushe ya zame masa wata fata siririya, kamar fentin da ke jikin kwanon sha. A jikin fatar nan ƙwayoyin ba sa iya zama, in sun sauka sai su mutu.

Na ce, "Kamar gidan sauro mai magani ke nan."

Ta ce, "Yawwa, Iya A'i, kusan haka. Shi ya sa aka rubuta a nan: ban da ruwan zafi, ban da jabel mai faranta tufafi, ban da dutsen guga mai zafi. Suna cinye fatar."

Jannatu ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana murza yadin tsakanin yatsunta. Can ta ce, "Wato rufe mata baki suka yi."

"Inna, ci gaba ne."

"Sake faɗa mini abubuwan da kika ce ba a so."

Najaha, da yake yarinya ce mai zuciya ɗaya, ta sake lissafo mata. Ni da na san Jannatu, tun a nan na san an gama.

Litinin da sassafe na ji ana faskare. Na taka turmi. Ta ɗora babbar tukunyar da ake dafa abincin suna, ruwa yana tafarfasa, ta watsa jar kanwa, ta tuttula jabel, ta jefa rigunan kamfani tana juya su da muciya. Ta tsame, ta kifa turmi ta yi musu bugu da taɓarya. Ta shanya a rana tsaka har suka ƙandare. Ta hura gawayi a dutsen guga, ta shimfiɗa tsumma a kai don kada roba ta narke, ta danne su ciki da waje. Daga ƙarshe ta kifa kwando a kan kasko ta turara su har hayaƙi ya shigo gidana.

Na ce, "Yaya, kayan mutane ne fa."

Ta ce, "Mutumin da ke ciki nawa ne."

Bayan sati biyu Rabi'u ya kawo jaka, yana riƙe da ita nesa da jikinsa. Tun kafin a zuge ta kajin gidan suka watse. Jannatu ta zaro riga ta kai hanci, sai kawai ta rangaɗa guɗa. Wallahi guɗa, irin ta kai amarya, a kan rigar da ni daga bayan katanga sai da na toshe hanci. Ta ce yana aiki, aiki ma sosai. Yana cin abinci. Sai dai kafaɗar dama yake saukewa, ga shi gumin ya fi yawa a hagu. Ta cika gwangwani da man shanu, ranar har ni na samu dambu.

Murnar kwana tara ta yi. Ran na goma, rana tsaka, sai ga sallamar Manu a zaure. Manu da bai taɓa dawowa da rani ba, ko da aka haifi ƴaƴansa sai dai a aika masa! Rabi'u yana biye da shi ɗauke da jaka. Ni kuwa na ga ba zan iya jin wannan daga kan turmi ba, na ɗauki kwano na shiga aron gishiri.

Ya sha ruwa, ya zauna a tabarma, ya zaro tiriko ɗaya ya shimfiɗa a gabansa. A ranar na ji Manu ya yi magana mafi tsawo a rayuwarsa. Ya ce su ashirin aka zaɓa a cikin lebura aka ba su rigunan gwaji, don a ga wanki nawa maganin zai jure kafin a fitar da kaya kasuwa. Rigunan mutum goma sha tara lafiya lau. Tasa kuwa, in ya shiga sito sai abokan aiki su fita shan iska. Injiniyar da ta haɗa maganin, wata Hajiya Sadiyya, ta yanki gefen rigarsa ta duba a na'ura ta ce babu ko ɓurɓushin fatar, kamar ba a taɓa sawa ba. Kwana uku ba ta da sukuni, tana zaton aikinta ne ya lalace. Da ta tambaye shi yadda ake wankewa ya ce bai sani ba, a Nijar ake yi.

Ya ɗago ya dubi matarsa. "Me kika yi musu?"

Ta lissafa masa tsaf, tun daga kanwa har taɓarya, ko ɗaya ba ta rage ba.

"Ba na ce ruwan sanyi ba?"

"Ka ce."

"To don me?"

Ta gyara zama. Ta ce, "Malam, shekara ashirin da shida ina tambayarka kana ce mini lafiya lau. Ranar da dila ta faɗo maka a ƙafa, lafiya lau. Shekarar da ka yi wata guda kana kwana da gari da ruwa, lafiya lau. Tun da bakinka ya ƙi faɗa, rigarka nake tambaya, ita ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Sai kawai a zo a shafa mata wani abu ta yi shiru? In ka faɗi a can, wa zai gaya mini?"

Ta juya ta hau gyaran murhun da babu wuta a ciki.

Manu ya juya a hankali ya dubi Rabi'u, ya ce, "Ashe ba kai ba ne?"

"Ni ne me, Baba Manu?"

"Mai kawo rahotona."

Rabi'u ya dafe ƙirji. "Ni? Wallahi ko sunan kamfaninku ban sani ba!"

Dariya ta ƙwace mini har gishirin ya zube. Manu ya laluba aljihu ya ciro goro guda, fari ƙal, ya miƙa wa Rabi'u dukansa, bai ɓara ba. Jannatu ma sai da kafaɗunta suka motsa, ko da yake ba ta juyo ba.

Amma maganar ba ta canza ba. Manu ya ce an ba shi sababbin riguna uku, kuma dole a wanke su yadda takarda ta ce, in ba haka ba a cire shi daga cikin masu gwaji, shi kuwa ba ya son a ce Manu ne ya ɓata wa baiwar Allah aikinta. Ya ce Hajiya Sadiyya ta aiko da ƙyalle biyu daban, ta ce a roƙi mai wankin nan ta yi musu duk abin da ta yi wa na farko, tana so ta ga inda maganinta yake karyewa. Jannatu ta karɓi ƙyallayen ta ce, "A gaya mata ta ƙara masa kauri, matan ƙasar nan ba da wasa suke wanki ba." Sharaɗin wankin sababbin rigunan kuwa a daƙile ta karɓe shi.

Washegari ya koma. Da ta rako shi zaure na ji ta ce, "Kafaɗar fa?" Ya buɗe baki, na ga lafiya lau ta taho har leɓensa, ya haɗiye ta, ya rasa abin da zai sa a madadinta, ya sa kai ya fita. Mutum ba ya koyon magana a kwana ɗaya yana da furfura.

Na ga yadda ta wanke sababbin rigunan da jaka ta gaba ta kawo su. Ruwan randa, ɗan sabulu kaɗan, tana cuɗawa a hankali kamar wankan jariri, fuskar nan a murtuke. Ba ta ko kai su hanci ba. Ta shanya a inuwa. Sannan ta ɗaga jakar za ta kakkaɓe, sai wani abu ya faɗo daga ƙasanta, a naɗe cikin leda.

Tsohuwar singiletinsa ce ta auduga, wadda yake noma da ita, mai faci a kafaɗa, facin ma ita ta yi shi. Tun daga inda nake na san an sa ta, an kuma daɗe ana sa ta. Ashe da zai tafi ya zare ta daga igiya ba ta lura ba. Rabi'u ya gaya mana daga baya cewa a ƙarƙashin rigar kamfani yake sa ta, riga biyu a zafin bazarar Kano, abokan aikinsa suna ce masa ko sanyi yake ji, shi kuwa yana ce musu lafiya lau.

Jannatu ta jawo kujerarta gindin darbejiya ta zauna. Ta juya cikin singiletin waje, ta rufe ido, ta kai hanci wuya, ta kai hammata, ta kai gadon baya. Ta daɗe a haka fiye da kullum. Da ta ɗago idonta ya yi ja, amma bakinta har kunne.

Na ce, "Yaya, me ta ce?"

Ta goge fuska da gefen zane. Ta ce, "Kafaɗar ta yi sauƙi. Amma ba ya cin miya sosai. Sauko daga turmin nan ki zo ki taya ni daka yaji."